Hoton fim a Damagaram: daga sayen kyamara zuwa kuɗin farko

Akwai hawan Sallar da na yi a banza. Tun da hantsi nake tsaye a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ƙura ta rufe ni, ina bin dawakai da ido ɗaya, ina dannawa ina ja, har ƙidayar kyamara ta kai 36. Da dare na wanke fim ɗin, na ɗaga shi a gaban fitila: garau yake kamar gilashi, babu ko inuwar jelar doki. Ashe bakin fim ɗin bai kama ba tun wajen sakawa, yana nan kwance a gwangwaninsa ni kuma ina ta danna iska. Wani dattijo da ya yi zamaninsa yana hoto a Zango ya saurari labarin, ya ce, "Yaro, ka duba maɗaurin hagu kuwa?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To, ka biya kuɗin makaranta."

Mai son hoton fim a garin nan sai ya sa a ransa cewa aikin duka a hannunsa zai kasance. Studiyo da yawa sun koma dijital, Yamai na nesa da kusan kilomita 900, Kano ta fi kusa amma sai an ƙetare iyaka. Wanda ya iya saka fim, ya iya auna haske, ya iya wankewa a gida, shi ne zai daɗe a harkar, ko don sha'awa ko don neman na cefane.

Kyamarar da za ta jure mana

Kafin ka kai kuɗi ko'ina, tambayi gida. Akwatunan kakanni da na tsofaffin malaman lakkwal da alhazai suna ɓoye da kyamarori fiye da yadda ake zato. In babu, sai ƴan gwanjo a Kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis, ko a yi maka saƙo daga Kano ko Yamai.

Nemi mai cin fim ɗin 35mm, kuma wadda ƙarfe ke tafiyar da ita ba lantarki ba. Pentax K1000, Nikon FM2, Olympus OM-1, Minolta SRT 101, Yashica FX-3, duk suna dannawa ko babu batir. Batirin na ma'aunin haske ne kawai. Canon AE-1 kyakkyawa ce, ita da K1000 duk a 1976 suka fito, amma in batirinta mai bolt 6 ya mutu ta zama kayan ado, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. K1000 da FM2 suna cin LR44, ɗan batirin nan da mai gyaran agogo ke da shi. OM-1 da SRT 101 an yi su ne don batirin da aka daina yi, saboda haka kada ka dogara da ma'auninsu. Zenit ta Rasha ma tana yawo, nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, amma in tana aiki ba laifi.

Gilashi ɗaya, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba, ya isa a fara: 50mm, mai ƙofar haske da ke buɗewa zuwa f/1.8 ko f/2.

Kada ka biya sai ka yi gwaji a gaban mai kaya. Buɗe bayanta, ka ɗaga ta sama, ka sa saurin ƙiftawa a kan 1/1000 na daƙiƙa ka danna, sannan 1/125, sannan daƙiƙa ɗaya. Kunnenka zai ji bambanci. In a daƙiƙa ɗaya ta yi jinkiri ko ta maƙale, mai ya bushe a ciki. Shafa yatsa a gefen murfin baya inda baƙin soso yake: in ya manne maka kamar kwalta, zafi ya cinye shi, haske zai riƙa satar shiga yana yi wa hotuna jan tabo. Wannan ba ya hana saye, ana kankare shi a manna siririn baƙin ƙyalle mai laushi, amma dalili ne na neman ragi. Ƴar ƙura a cikin gilashi ba komai ba ce, a nan babu gilashin da ba shi da ita. Hazo mai kama da madara ko karce mai zurfi, wannan ka bar wa mai shi.

Fim, da yadda zafi ke cin sa

Tsofaffin masu hoto a nan pelikil suke ce masa. Yana zuwa da hoto 24 ko 36, kuma lambar da ke jikin kwali, 100 ko 200 ko 400, tana nuna yadda yake jin haske: in ta yi sama, ɗan haske ya ishe shi. Rana ba ta yi mana rowa ba, don haka 100 ne na yawon gari, 400 na zaure da cikin ɗaki da bayan la'asar sakaliya. A baƙi da fari akwai Fomapan da Kentmere masu sauƙin kuɗi, da Ilford HP5 Plus da Kodak Tri-X. A mai launi akwai Kodak Gold 200 da ColorPlus da UltraMax 400.

Shawarata ka fara da baƙi da fari. Shi ne za ka iya wankewa da kanka da magani kala biyu, shi ne kuma ya fi haƙuri da zafi.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, shi ne babban maƙiyi. Fim ɗin da ya wuni a ƙarƙashin sirdin babur ko kan allon mota zai fito da dushi-dushi, mai launi kuma launinsa ya karkace. Ajiye shi a firiji cikin leda mai ɗaurewa. In za ka yi aiki da shi, fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe robarsa, don kada ya yi gumi. In wuta na yawan ɗaukewa, ko babu firijin ma, sa shi a roba mai murfi ka jingina da gindin randa, a ɗakin da ya fi sanyi. Wanda zai kawo maka ta jirgi, roƙe shi ya sa a jakar hannu ya nemi a duba da hannu, domin na'urar da ke leƙa manyan akwatuna tana lalata fim.

Sakawa: a inuwa, ba a tsakiyar rana ba, kuma ka juya wa iska baya. Ja bakin fim ka cusa a tsagar sandar dama, ka ja hannun kyamara sau ɗaya kana kallo har haƙora su shiga ramukan gefe, sannan ka rufe. Juya maɗaurin hagu a hankali har ka ji ya ɗan yi tauri. Yanzu danna ka ja sau biyu idonka a kan maɗaurin nan. In yana juyawa da kansa, fim na tafiya. In yana tsaye, buɗe ka sake. Abin da dattijon ke nufi ke nan. Idan fim ya ƙare kada ka yi masa ƙarfi. Danna ɗan maɓallin ƙasa, ka naɗe har ka ji ya saki, sannan ka buɗe.

Auna haske ba tare da na'ura ba

Abu biyu kake juyawa: ƙofar haske, wato lambobin f da ke jikin gilashi, da saurin ƙiftawa. Lambar f babba, ƙofa ƙarama. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta dace da garinmu kamar don mu aka yi ta: a rana tsaka, sa f/16, sauri kuma ya zama lambar da ta fi kusa da ta fim. Fim ɗin 100, sai 1/125. In akwai hazon hunturu mai rage kaifin inuwa, buɗe zuwa f/11. Hadari ya rufe rana, f/8. Mutum na zaune a inuwar bedi ko ta katanga, f/5.6 ko f/4. Duk matakin da ka buɗe ƙofa kana iya ninka sauri haske bai canza ba: f/16 da 1/125 daidai yake da f/8 da 1/500, kuma na biyun ne kake so in doki na sukuwa. Kada ka sauka ƙasa da 1/60 kana riƙe da hannu, hoto zai yi rawa.

Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne farar riga. Alhaji ya sha farar shadda da farin rawani, ma'aunin kyamara ya ga fari ya firgita ya ce a rage haske, hoto ya fito riga ta yi kyau fuska kuwa ba a gane mai ita. Fuska aka zo ɗauka. Matsa kusa ka auna a kanta, ko ka ƙara mataki ɗaya a kan abin da ma'auni ya faɗa. Fim yana yafe wa wanda ya ba shi haske fiye da kima, ba ya yafe wa wanda ya rage masa. In kana shakka, ƙara.

Lokaci kuma: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai bayan la'asar. A nan ne zanen bangon gidajen Birni ke fitowa, domin hasken na zuwa ta gefe yana shiga kowane lungu na zanen, duwatsun unguwar kuma su yi jiki. Da azahar komai a baje yake, idanun mutane sun zama ramuka. In dole ne, kai mutum bakin zaure, ya fuskanci waje, kai kana daga waje. Hasken bakin zaure ya fi fitilun studiyo da yawa.

Riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka sa a kowane hoto, aƙalla a fim biyar na farko. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara a kan mutum, balle matan aure. A fada gai da dogarai ka tambaya. Barikin soja da shingen jami'an tsaro, ko da wasa.

Wanki a gida

Nan ne aikin yake. Ba ka buƙatar ɗakin duhu. Kana buƙatar tankin wanki, ƙaramar baƙar roba mai murfin da ke shigar da ruwa ba ya shigar da haske, da abin naɗi a cikinta mai kama da babban ƙwarƙwaro. Na Paterson ne aka fi samu. Sai baƙar jaka mai hannuwa biyu, ma'aunin zafi, sirinji daga farmasi, kofin awo, almakashi, mabuɗin kwalba, safar hannu, da agogon wayarka. Magani biyu ne: mai fito da hoto da mai kafe shi. A na farko na zaɓi Rodinal, maganin da ake yi tun 1891, saboda dalili ɗaya: kwalbarsa na yin shekaru ko an buɗe ta, ta yi baƙi kamar shayi amma tana aiki. Ga wanda ke jiran saƙo daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, Ilford Rapid Fixer ko makamancinsa.

Da farko ka sadaukar da fim ɗaya da ya lalace, ka koyi naɗa shi a ƙwarƙwaron da ido buɗe, sannan da ido rufe, har hannunka ya haddace. Ranar aiki sa komai a jaka, ka zuge, ka zura hannuwa. Ɓalle gwangwanin da mabuɗin kwalba, yanke siririn bakin fim ka ajiye shi gefe, ka naɗa, ka sa a tanki, ka rufe. Ƙwarƙwaro ya zama busasshe ƙayau. A zafinmu hannu na yin gumi a cikin jakar nan cikin minti biyu, fim ya fara mannewa, zuciya ta fara tafasa. Saboda haka nake yin wannan bayan sallar asuba, in wanke hannu da ruwan sanyi in goge sosai tukuna. In ya maƙale, kada ka tura da ƙarfi. Sa fim a tanki yadda yake, ka rufe, ka fito da hannu ka sha iska.

Sai ruwa. Lokutan da kamfanoni ke bugawa na digiri 20 ne, ruwan famfonmu kuwa da rani ya wuce 30 nesa. Ɗebi na randa, ka sayi ƙanƙara, ka riƙa jefawa kaɗan-kaɗan kana aunawa. Haɗa wajen lita uku lokaci guda a bokiti ɗaya, domin magani da ɗauraya duk su fito daga ruwa mai zafi ɗaya. In fim ya fita daga sanyi ya faɗa ɗumi kwatsam, fuskarsa na iya yamutsewa. In 20 ta gagara, tsaya a 24 ka rage lokaci, kusan kashi 10 cikin 100 a kowane digiri. Kada dai lokacin ya gaza minti 5, wankin ba zai yi bai ɗaya ba.

Ga misali da HP5 Plus. Ja mililita 6 na Rodinal da sirinji ka zuba a mililita 300 na ruwa; kashi ɗaya cikin 50 ke nan, kuma ya rufe fim ɗaya. Zuba a tanki, ka kunna agogo. Daƙiƙa 30 na farko kana kifawa kana tayarwa a hankali, sannan ka ɗan buga gindin tanki a ƙasa don kumfa ya saki. Daga nan kowane minti ka kifa sau huɗu ka ajiye. A digiri 20 minti 11 ne, a 24 wajen minti 7 da rabi zuwa 8. Kowane fim da nasa lokaci, duba cikin kwalinsa ko shafin kamfanin. Lokaci ya cika, zubar, ka cika da ruwa zalla ka jijjiga rabin minti, ka zubar. Sai mai kafewa: mililita 60 a ruwa 240, minti 5, kana kifawa kamar dā. Wannan ba a zubarwa, mayar da shi kwalba, zai yi fim da yawa. Guntun bakin fim da ka yanke shi ne ma'auninsa: jefa shi a ciki ka ga minti nawa zai yi ya zama garau. Ranar da lokacin ya ninka na farko, magani ya gaji.

Ɗauraya a garin da ruwa ke da daraja ba ta buƙatar a saki famfo. Ilford na da hanya: cika tanki, kifa sau 5, zubar, cika, sau 10, zubar, cika, sau 20, zubar. Lita ɗaya ta kusa isa. Na ƙarshe ka yi da ruwan kwalba da ɗigon Photo-Flo, don kada ruwa ya bushe ya bar tabo.

Shanya ita ce ta fi ba ni wuya, saboda ƙura. Jiƙaƙƙen fim kamar danƙo yake, abin da ya sauka a kansa ya zauna ke nan. Yayyafa ruwa a ƙasan makewayi, toshe taga, ka rataye fim da maƙalin shanya, wani maƙalin a ƙasa don ya miƙe, ka ja ƙofa, ka gaya wa yara kada kowa ya shiga. Da hunturu awa ɗaya zuwa biyu ya bushe. Yanka shi shida-shida ka sa a leda ko ambulan, ka rubuta kwanan wata.

Rodinal na cin fata, sa safar hannu, ka ɓoye kwalaben inda yaro ba zai ɗauka abin sha ne ba. Tsohon mai kafewa na ɗauke da azurfa, kada ka zuba shi kusa da rijiya ko inda awaki ke sha.

Abin dariya, mai launi digiri 38 yake so, minti 3 da daƙiƙa 15 a maganin farko, wato zafin da muke kuka da shi a nan ya zama gata. Sai dai maganinsa ba ya daɗewa in an haɗa, don haka sai ka tara fim da yawa ka wanke a mako ɗaya. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Daga fim zuwa takarda

Hanya mafi araha: buɗe farin shafi a wata waya ko kwamfuta, ɗaga fim ya ɗan yi nisa da fuskarta don kada ɗigon allon ya fito, ka ɗauka da waya ko kyamarar dijital da aka kafe, sannan ka juya baƙi ya koma fari da manhaja. Don aika wa abokai a WhatsApp ya isa. Don sayarwa, nemi sikana irin Epson V600 ko Plustek. Bugawa kuwa kowane studiyon dijital zai yi maka. Kai musu fayil, ka tsaya a buga ɗaya ka gani kafin sauran, domin wasu injunan na mayar da baƙi da fari ya yi kore-kore.

Inda kuɗin yake

Kowa na da kyamara a aljihu, kuma ba za ka yi gasa da kyauta ba. Abin da kake sayarwa shi ne hoton da za a sa a firam a rataye a falo. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako da haka suka yi suna, da ɗan studiyo da zanen atamfa a baya da mutanen gari cikin kwalliyarsu. Sidibé har ya karɓi babbar lambar baje kolin birnin Benis na Italiya a 2007. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina. Zane ɗaya mai kyau, kujera, darduma, da inuwar zaure, studiyo ya haɗu.

Yi lissafi kafin ka faɗi farashi. Mu ce fim ya iso hannunka a jika 8, magani da ƙanƙara jika 1. Cikin 36, a farko da wuya fiye da rabi su yi kyaun sayarwa. Jika 9 a raba 18, kowane hoto ya ci dala 100 tun ba a buga ba, ba a sa firam ba, ba a lissafa wuninka ba. Sa naka alƙaluman a wurin nawa. Kada ka sayar da hoto ɗai-ɗai. Sayar da zama: hoto uku bugaggu, ɗaya babba a firam, kuɗi kaza, rabi kafin a fara. Bashi a wannan sana'a ba ya dawowa, musamman na dangi.

Sallah ƙarama da babba su ne kakarka, lokacin da kowa ya yi sabon ɗinki. Yi odar fim wata biyu kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Biki kuma, kada ka karɓe shi da fim kaɗai, ba a maimaita ɗaurin aure. Haɗa kai da mai dijital, kai ka ɗauki fim ɗaya ko biyu na amarya da ango da iyaye a matsayin kaya na musamman. Kyamarar Instax mai fito da hoto nan take tana kawo kuɗi a hannu wajen taro, kwalinta hoto 10 ne, amma ita ma ba ta son zafin da ya wuce digiri 40, riƙe ta a inuwa.

Wanda ya fi kawo mini aiki a kai a kai ban zata ba: tsofaffin hotuna. Sikanar da ka saya don fim ɗinka ita ce za ta kwafe hoton aure na shekarun 1970 da gara ta fara ci, da na tafiya Makka, da ambulan ɗin nagatif, wato wankakken fim, da aka manta a ƙasan adaka. Wata hajiya ta kawo mini irin wannan ambulan ƙulle a gefen mayafi, ta ce, "Ɗana, duba mini ko akwai maigidan a ciki." Akwai shi, tsaye kusa da keke, da wando mai faɗin ƙafa. Ta sa aka buga guda bakwai, kowane ɗa ɗaya. A irin wannan aiki ka riƙe nagatif ta gefe, ka hure ƙura da ƴar robar hura iska ba da baki ba, ka ƙirga a gaban mai shi lokacin karɓa da lokacin mayarwa, kuma kada ka sa hoton iyalin kowa a Facebook don talla sai ka tambaya an ce to.